Tsohon Babur Ko Sabon Yayi: Wanne Ke Kai Mutum Nesa Ya Dawo Da Shi?

Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwa a Argungu, wanda ya ce yana noman shinkafa a fadama, in an gama girbi kuma sai ya shiga cin kasuwanni, yau Birnin Kebbi, gobe Jega, wani lokaci har Kamba can bakin iyaka. Ya ce yana da tsohon babur Honda Roadmaster wanda ya gada daga mahaifinsa, yana tashi har yanzu, amma dai ya gaji. Bana Allah Ya ba shi ɗan abin hannu, shi ne hankalinsa ya rabu biyu: ya kai tsohon a yi masa garambawul, ko kuwa ya cika kuɗi ya sayi sabo irin na Indiya? Dattawa suna ce masa ƙarfen da ba za a sake yin irinsa ba, samari kuwa suna ce masa ya rabu da kayan tarihi. A ƙarshen takardar ya ƙara da tambayar manyan baburan nan da Turawa ke yawon duniya a kansu, ko suna da wani amfani a irin hanyoyinmu.

To Malam, mun gode da wannan takarda, kuma ba za mu ja maka rai ba. In dai doguwar tafiya ce ta neman abinci, wadda za ka yi mako bayan mako da kaya a baya, to sabon ya fi maka. Ba don dattawa sun yi ƙarya ba. Gaskiyarsu ce, an yi ƙarfe a da. Amma abin da ya kamata matafiyi ya tambayi kansa kafin ya buga kik shi ne: in babur ɗin nan ya mutu mini tsakanin Bunza da Kamba da la'asar sakaliya, akwai wanda zai iya tayar da shi a ƙauye mafi kusa, kuma akwai abin da zai sa masa? A kan wannan tambaya za mu auna su duka.

Bari mu fara da tsofaffin, don matasa su san abin da ake magana a kai. Baburan Japan sun cika ƙasar nan ne sosai daga shekarar 1975, lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji. Malaman makaranta, malaman gona, malaman asibiti da akawuna, kowa ya nufi kanti. A lokacin ne aka san Honda CD175, da Suzuki A100, da Yamaha YB100, da Vespa ta 'yan gayu, daga baya kuma CD185 da CD200, watau Roadmaster irin naka. Kasuwar ta yi ƙarfi har kamfanin Honda ya kafa masana'antar haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun a 1979, kamfanin Boulos kuma yana haɗa Suzuki a Legas. Da aka karya darajar naira a 1986, sai sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta, aka koma ga na hannu da gyaran na gida. Daga ƙarshen shekarun 1990 Jincheng ta Sin ta shigo da araha, 'yan kabu-kabu suka rungume ta, sa'an nan na Indiya, watau Bajaj Boxer da TVS, suka biyo baya suka mamaye hanya. Honda ma da ta ga kasuwa na neman kuɓuce mata sai ta fito da Ace CB125 a 2011, babur mai sauƙin kuɗi wanda aka tsara don irin hanyoyinmu.

Abu na farko da za a gane shi ne ba dukan tsofaffin ne iri ɗaya ba. Akwai inji mai bugu biyu, akwai mai bugu huɗu. Mai bugu huɗu, fistin ɗinsa yana yin aiki ne daki-daki: ya sauka ya shaƙi fetur da iska, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Baƙin mai yana zaune a wurinsa daban a ƙasan inji, yana zagayawa yana komawa. Mai bugu biyu kuwa yana haɗa wannan aiki duka a hawa ɗaya da sauka ɗaya, saboda haka a daidai lokacin da sabon fetur ke shiga, tsohon hayaƙi na fita, sai wani kashi na fetur ɗin ya bi hayaƙin ya fice ta salansa ba tare da ya ƙone ba. Man da ke tausasa injin kuma, wanda ake ce wa tu-ti, tare yake ƙonewa da fetur. Dalilin shuɗin hayaƙin da kuke gani a bayan tsohuwar Suzuki ke nan, da Jincheng AX100 wadda a kan tsarin Suzuki aka yi ta. Irin wannan inji yana da zafin tashi, ga sauƙin gyara don kayan cikinsa kaɗan ne, amma mashayin mai ne, kuma in tu-ti ya ƙare a hanya mutum bai lura ba, fistin zai kama, shi ke nan sai turi. Ga mai doguwar tafiya a wannan zamani na tsadar mai, ni dai ban ba da shawarar mai bugu biyu ba, komi kyansa.

Roadmaster ba ya cikin wannan layi. Shi mai bugu huɗu ne, kuma fistin biyu gare shi, girman injin CD200 si-si 194, alhali Boxer ƙarami si-si 100 ne ko kusa da haka, babban kuma, BM150, bai cika 150 ba, kowannensu da fistin ɗaya. A nan ne dattawa ke da gaskiya. Fistin biyu suna karɓar juna wajen aiki, sai tafiya ta yi laushi, injin ba ya kuka kamar za a yanka shi in an miƙa a kan kwalta. Ga faffaɗan sirdi, ga nauyi da ke sa babur ya zauna a titi in tirela ta wuce da iskarta. Wanda ya taɓa hawa lafiyayyen Roadmaster daga Argungu zuwa Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 100, ya san zai sauka bayansa bai ƙage ba. Ƙarfen jikinsa kuma mai kauri ne, fentinsa da kwalliyarsa suna shekaru ba su kwaɓe ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

To amma zuma ba ta da fistin. Babur ɗin da aka ƙera a farkon shekarun 1980 ya haura shekara 40 a duniya, kuma tsufan babur ba a inji kaɗai yake ba. Wayoyin wuta sun bushe sun tsattsage, robobin da ke tare mai sun taurare, shokozoba ta saki, tanki ya yi tsatsa daga ciki yana aika gari zuwa kafireta, gangar birki ta cinye. Ana iya yi wa inji garambawul ya yi ƙara mai daɗi a gaban makanike, amma sauran jikin yana nan da shekarunsa. Kuma abin da ke tsayar da matafiyi a daji galibi ba babban abu ba ne, wata 'yar waya ce ko wata 'yar roba.

Sai maganar wuta. Yawancin tsofaffin nan da kwantak suke aiki, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa su ba fulogi wuta a kan lokaci. Suna cinyewa, suna son a riƙa goge su ana daidaita tazararsu. Kyawunsu shi ne mutum mai sukudireba da 'yar takardar yashi yana iya farfaɗo da su a gindin bishiya. Na yanzu kuwa da si-di-ai suke aiki, ɗan baƙin akwati wanda ba a buɗe shi, ba a gyara shi. Ba ya son kulawa, yana daɗewa, amma ranar da ya mutu sai dai a canza. Wani zai ce ai ke nan tsohon ya fi. A da can haka ne. Yau kuwa ɗan akwatin nan na Boxer kusan duk mai shagon kayan babur yana da shi, kuma ya shiga aljihun riga, alhali yaran makanikai da yawa da suka koyi aiki a kan Jincheng da Boxer ba su taɓa saita kwantak ba. Iyayen gidansu da suka iya, wasu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ban da haka, da yawa daga tsofaffin baburan batir mai bolt 6 gare su, fitilarsu kamar aci-balbal, na yanzu kuwa bolt 12. Wanda magariba ta taɓa riske shi a hanya ga ramuka ga shanu suna komawa gida ya san bambancin.

A kan kayan gyara ne maganar ta fi nauyi, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi lissafi da kyau. Kamfanin da ya yi babur ɗinka ya daɗe da daina yin irinsa. Abin da za ka samu a kasuwa ɗayan uku ne: ko tsohon kaya da aka kwance daga wani mataccen babur, ko ragowar na asali da wani ya ɓoye a lungun shago yana jiran mai tsananin bukata ya yanka masa kuɗi, ko kuma kwaikwayo wanda aka buga wa sunan kamfani a kwali. Saboda haka garambawul ɗin da za a yi maka, in ba a yi sa'a ba, ƙarfen Japan ne a waje, kwaikwayo a ciki. Ƙarfen da dattawa ke yabo ya tafi ke nan, saura suna. Kuma fistin biyu na nufin komi biyu-biyu: zobe biyu, fulogi biyu, bawul huɗu. In kaya bai samu a Birnin Kebbi ba, sai an aika Sakkwato ko Kano ko Kaduna, babur na jingine, kasuwa na ci ba da kai ba. Kwana uku na rashin babur a lokacin da albasa ke fitowa a Aliero ko shinkafa ke tashi, asararsa tana iya fin kuɗin gyaran.

Shi kuwa sabon yayi, ba a yaba shi da kaurin ƙarfe. Robobin jikinsa suna karyewa, fentinsa na dushewa da wuri, kuma ban ce zai kai shekara 40 kamar na mahaifinka ba. Amma duk inda 'yan kabu-kabu suke, kayansa suna nan, mai gyaransa yana nan. Ko ka haye Gaya ta Jamhuriyar Nijar ko Malanbil ta Binin, za ka tarar da irinsa. Wannan shi ne ƙarfinsa na gaskiya. Dabarar zaɓen sabon babur ma ke nan: kada ka bi talla, ka je bakin tashar garin da ka fi zuwa ka ƙirga wane iri ne ya fi yawa a gindin 'yan kabu-kabu. Su ba sa sayen abin da zai kwana a gareji.

Hanya ma tana da nata hukunci. Da a ce tafiyarka duka kwalta ce, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, kilomita 50 da 'yan kai, da sai in ce tsohon ya isa. To amma ɗan kasuwar ƙauye yana sauka daga titi. Akwai burji mai gargada, akwai rairayi a ƙasar Arewa wajen su Kangiwa, akwai laka a fadamar Rima da damina. Roadmaster an yi shi ne don titi, gindinsa kusa da ƙasa, salansarsa biyu suna gogar kunya da tudu, in ya nutse a yashi da buhu a baya kuwa sai an taru. Boxer da TVS an ɗaga su sama, an ba su dogon sirdi da kariya mai ƙarfi, kuma ba su kai shi nauyi ba. Mutanen bakin gulbi sun san amfanin rashin nauyi: in ruwa ya cika, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa ta yanke gadoji a jihar nan, babur a cikin kwalekwale yake ƙetarewa, mutum biyu ko uku ne za su ɗaga shi.

Game da shan mai, ba zan karanto maka lambar da kamfani ya rubuta a takarda ba, don su a kan shimfiɗaɗɗen titi suke gwaji ba tare da buhu ba. Ka yi gwajinka da kanka. Ka cika tanki fal a gidan mai a Argungu, ka je Birnin Kebbi ka dawo da irin kayan da ka saba ɗauka, ka koma wannan famfo ka sake cikawa, ka rubuta lita nawa ya ci. Sa'an nan ka roƙi wani mai sabon babur ku yi haka da nasa. A ce, alal misali, bambancin ya zama lita 1 da rabi a kowace tafiya, kuma kana yin tafiya 3 a mako, ka ga lita 4 da rabi ke nan a mako, fiye da lita 230 a shekara. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a gidan man gwamnati, ana iya kawar da kai. Amma a ƙarshen 2024 sai da ta haura naira 1,000. Ka buga da kuɗin da ake sayarwa a garinku yau, ka ajiye kusa da kuɗin sabon babur, lissafin zai yi magana da kansa.

Yanzu ga tambayarka ta manyan babura. Lalle akwai waɗanda aka ƙera musamman don yawon duniya. Honda ta fito da Gold Wing a 1975, na yanzu kuwa fistin 6 gare shi, si-si fiye da 1,800, nauyinsa ya doshi kilo 400, watau kusan buhu huɗu na shinkafa masu kilo ɗari-ɗari. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da R80 G/S a 1980, wanda ya zama kakan baburan da ke bin titi su bi daji. Na zamani suna da birkin da ba ya kulle taya, da kwamfuta mai auna fetur a maimakon kafireta, da tayar da ba ta da tif. A kansu mutum yana yin kilomita ɗaruruwa a yini bai jigata ba. A 2022 wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan a watan Afrilu a kan Honda CB500X ya iso Legas a ƙarshen Mayu, don wayar da kai a kan cutar shan inna. Amma kada ka manta, tun kafin a yi wannan kwamfuta an yi tafiya. Wani Bature ɗan jarida, Ted Simon, ya bar Ingila a 1973 a kan Triumph mai si-si 500 ya shekara 4 yana zagaya duniya. Tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda aka fara a ƙarshen 1978 ya bi ta Agadas da Yamai, Yamaha XT500 ne ya ci shi, babur mai fistin ɗaya da kafireta.

Sai dai su waɗannan yawo suka fita, kai kuwa nema ka fita. Babur mai kwamfuta ba ya jure man bumburutu mai ruwa da ƙasa, in ya yi gardama kuma sai an jona masa na'ura kafin a san ciwonsa, tayarsa ma sai an aiko daga Legas ko Abuja. Kuɗin guda ɗaya kuwa ya sayi ƙananan babura masu yawa. A bar wa masu shi.

To me za a yi da na gado? Ni ban ce ka sayar ba. In da hali, ka ajiye shi, ka riƙa yi masa gyara kaɗan-kaɗan yadda kaya suka samu, ka hau shi zuwa Juma'a, ko ɗaurin aure, ko kallon su a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, inda in ya tsaya ma gida na kusa. In kuwa kuɗin ba su isa sabo ba sai an sayar da shi, to kada ka kai wa masu awon ƙarfe, ka nemi masu sha'awar tsofaffin babura, akwai su a manyan garuruwa, sun fi sanin darajarsa. In kuma ka ƙudura lalle da shi za ka ci gaba da tafiya, to kafin a taɓa inji a fara canza wayoyin wuta gaba ɗaya, a wanke tanki, a duba birki da taya, kuma kada ka fita sai da kwantak da kwandansa da fulogi biyu da wayar kuloci a cikin jaka.

Sabon ma ba a saye shi a manta da shi. Duk waɗannan babura iska ce ke sanyaya injinsu, ba ruwa ba, kuma a bazara zafin ƙasar nan yana wuce digiri 40. Tafiya irin ta Argungu zuwa Kamba, wadda ta haura kilomita 130, a yi ta da sassafe, a tsaya a huta a hanya, kada kuma a watsa wa inji ruwan sanyi yana da zafi. Sabon inji ba a ɗora masa lodi ko a matsa masa gudu sai ya saba, kuma juyen baƙin mai na farko a yi shi da wuri kamar yadda littafinsa ya ce. Da hunturu a yawaita wanke filtar iska, don ƙura ita ce ke cin zobe. Sa'an nan ga wata ɗabi'a da nake gani wajen samari: da an sayi babur sai a kwance murfin sarƙa wai don gayu. Murfin nan shi ke hana yashi haɗuwa da mai ya zama kamar dutsen niƙa a kan sarƙa. A bar shi inda kamfani ya sa shi.

Abu ɗaya da tsoho da sabo suka yi tarayya a kai shi ne birki. Yawancinsu birkin ganga ne gaba da baya, wanda aka auna shi da nauyin mutum biyu, ba mutum biyu da buhu uku ba. In an yi lodi fiye da kima, tazarar tsayawa tana ƙaruwa, gaba kuma yana yin sako-sako. Mutanen Aliero sun yi suna wajen ɗori, Allah Ya ƙara musu basira, amma gara ka je garin sayen albasa. Hular kwano kuma doka ce, hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta tun 1 ga Janairu, 2009.

Sai takardu. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji da lambar jiki, ka duba da idonka sun dace da na kan babur, ka yi masa rajista da lamba kafin ka fara nisa da shi. Saboda matsalar 'yan bindiga, jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato sun kafa dokokin taƙaita hawan babur da sayar da fetur a jarka a 2021, Nijar ma ta hana hawan babur a sassan jihar Tilaberi daga farkon 2020. Irin waɗannan dokoki ana sa su ana ɗage su, saboda haka duk ranar da za ka fita daga inda aka san ka, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki da abin da jami'an tsaro ke nema a shingaye, kuma ka lissafa tafiyarka yadda za ka shiga gari kafin faɗuwar rana.

Sauran takardun da suka iso mana sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.